Yadda Muka Miƙe Kiɗan Baba

Matso kusa, jawo 'yar kujerar nan ka zauna, don abin da zan faɗa maka ban cika ɗaga murya a kansa ba. Ni mai surutu ce, duk unguwarmu nan Zuru an sani, in na kama magana sai tuwo ya huce a kwano. Amma wannan guda ɗaya na daɗe ina taunarta, ta ƙi haɗiyuwa.

Karatuna bai wuce aji huɗu ba. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Ina cikin ɗaki zan gaya maka babur ɗin wa ya wuce a kan hanya. A zumuntar mata, ko mu talatin ne muke waƙa, in ɗaya ta kauce ni ce zan waiwaya in harare ta, kuma ban taɓa hararar wadda ba ta da laifi ba. Fita ce dai ba na so. Tun ina ƙarama nake da ciwon ƙirji, shi ya sa ake barina a gida wajen murhu in an tafi gona. Ciwon ya warke, zaman gidan ya bi ni. Da na yi aure ma, mijina soja ne, yana can kudu wajen aiki, sai na ci gaba da zama a gidan Baba.

Baba makaɗin gangar noma ne. In an kira gayya a Manga, inda asalinmu yake, ko samari za su yi wa surukansu noman gwalmo, wato noman neman aure, shi ake zuwa ɗauka. Na san kiɗansa kamar yadda na san tarinsa. Daga bakin murhu nake jiyo shi, iska na kawo shi tana mayarwa. Amma ban taɓa tsayawa a bakin gona na ga garmar da yake yi wa kiɗan ba. Ko sau ɗaya.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa garin nan ne Yayana ya bar soja ya dawo gida. A can ɓangaren masu gyaran rediyon oba-oba ya yi aiki, hannunsa duk tabon ƙunar dalma. Wasu sojojin in sun dawo sukan kawo injin niƙa ko babur. Shi kuwa akwatuna biyu ya sauke. Na farko na ƙarfe ne, ruwan toka, ya saye shi na hannu a Legas, yana ce masa samfula. Aikinsa ya haɗiye sauti, in ka danna maɓalli ya amayo maka shi. Sai dai cikinsa ƙarami ne, abin da yake iya riƙewa bai wuce numfashi kaɗan ba. Na biyun shi ya ƙera abinsa da tarkacen da ya yi shekaru yana tarawa: akwatin katako, fuskarsa duk ramuka da abubuwan murɗawa, wayoyi na fita daga wannan rami suna shiga wancan kamar yaɗon kabewa. Wannan kuma modula yake ce masa. Shi ba ya haɗiye sautin kowa, nasa yake yi, wani lokaci kamar sauro, wani lokaci kamar rugugin hadari a bayan dutse. Ranar da Baba ya fara jinsa ya ce, "Soja, kwaɗi nawa ka kulle cikin wanga akwati?" Daga nan sunan ya bi shi, akwatin kwaɗi.

Burin Yaya ɗaya ne. Yana so gangar Baba ta fito daga samfula, kukan akwatin kwaɗi ya hau kanta, su taka tare ba mai riga wani. Ya ce in ya samu haka zai riƙa kai shi wajen biki, kuma kiɗan tsoho ba zai mutu ba. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kama ni, don a lokacin Baba ya fara gajiya, in ya dawo daga gayya sai na gasa masa kafaɗa da ruwan zafi.

Da damina ta zauna aka kira gayya a Manga. Yaya ya goya Baba a babur, ya rataya rediyo mai kaset, ya ɗaure makirfo a kan sanda. Da yamma ya dawo da kaset guda, gaba da baya cike. A gabana ya sa wuƙa ya karya 'yan kunnuwan nan biyu na bayan kaset, waɗanda in babu su rediyo ba ya yarda a ɗauki wani abu a kai. Na saurare shi sau uku ina tsintar shinkafa. Ga ganga, ga ƙarar garma tana shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga nishin maza, ga wata tsohuwa na guɗa muryarta na yankewa, ga wani can gefe yana zagin cinnaka. Ga muryar Baba yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana zuga su. Sau uku kawai na ji shi daga farko har ƙarshe.

To, sai aka shiga wahalar haɗa akwatunan nan. Da farko da yatsu biyu Yaya yake danna su lokaci guda. Su tashi tare, kafin ka sha ruwa ka ajiye moɗa ɗaya ya bar ɗaya. Ina daga tsakar gida ina wanke-wanke na ce, "Yaya, kwaɗinka sun riga."

Ya leƙo ta taga. "Ke da wa? Ban ma gama murɗawa ba."

"To murɗa. Amma sun riga."

Ya koma ya saurara, ya sake leƙowa. "Mai kunnen zomo, bar kwanukan nan ki zo nan."

Haka na zama ma'aikaciyar ɗakin Yaya. In faɗa maka gaskiya, daɗi na ji. Tunda nake ba a taɓa kiran kunnena aiki ba, sai dai a ce na cika jin abin da ba a tambaye ni ba.

Ya ce dole ɗaya ya zama shugaba, ɗaya ya bi, don ba a yin kwamanda biyu a fareti ɗaya. Sai ya naɗa samfula. Ya sa mata wani ɗan sauti, ƙyat, ƙyat, ƙyat, mai tafiya daidai kamar agogo, ya ja waya daga bayanta zuwa wani rami a akwatin kwaɗi. Duk ƙyat ɗaya, akwatin ya yi taki ɗaya, wata 'yar jar fitila ta ƙyafta. A baki abu mai sauƙi. Ranar farko ƙyat ɗin ba shi da ƙarfi, akwatin ya ji wani, ya tsallake wani. Yaya ya ƙara masa ƙarfi, sai kuma akwatin ya riƙa ƙirga kowane ɗaya sau biyu, yana gudu kamar an biyo shi da bulala. Ya buɗe bayansa, ya liƙa wannan, ya cire wancan, ɗakin duk warin dalma. Ga wuta ba ta zama, in an ɗauke sai mu zauna mu jira, in an kawo kuma sai akwatin ya ɗumama kafin muryarsa ta tsaya wuri ɗaya. Ni ina bakin ƙofa a kan tabarma ina ɓarar gyaɗa, ina cewa ya tsallake, ya ninka, yanzu ya yi. Mun kusa wata guda a haka kafin akwatunan biyu suka yarda da juna.

Da suka yarda, Yaya ya ɗebo wani yanki na kiɗan Baba daga kaset ya zuba a samfula. Nan fa aka yi ta. Akwatuna biyu na tafiya ƙafa ɗaya, ganga na nata wuri. Bugu na farko ya hau daidai, na biyu ma, na uku sai ya makara. Kullum na uku. Bayan wani ɗan lokaci kuma kiɗan gaba ɗaya ya ja baya kamar mai hawan tudu, sannan ya zabura.

Yaya ya ce, "Da a bariki ne tsohon nan ya yi wannan taki, da ya sha tsallen kwaɗo."

Na ce, "Tsufa ne, Yaya. Hannunsa ya fara nauyi."

Ka ji ni fa. Da bakina na faɗa.

Akwai wata la'asar da har yau ban manta da ita ba. Yaya ya ce bari ya gwada wani abu. Ya cire wayar samfula, ya jona rediyon kaset kai tsaye cikin ramin nan. Wato babu ƙyat-ƙyat, gular Baba ce da kanta ke tura akwatin. In Baba ya buga, kwaɗi su taka. In ya jira, su jira. In ya zabura, su bi shi a guje. Yaya ya karkata kai, hannunsa na kan gwiwa bai taɓa komai ba. Can ya ce, "Ya kika ji?"

Na ce, "Kamar wanda ya sha burkutu a kasuwar Danko yana neman hanyar gida."

Ya yi dariya, amma bai cire wayar ba. Ya ce, "Amma fa akwai wani abu a ciki. Ki sake ji."

Na ce, "Yaya, kunnenka za mu bi ko nawa? In naka ne in koma wanke-wankena."

Sai ya miƙa hannu ya zare wayar.

Daga nan muka shiga yanka. Ya ɗauki kiɗan Baba ya datsa shi bugu-bugu, babban bugu na tsakiya daban, na gefe daban, ɗan ƙaramin nan da yake yi da tafin hannu daban. Da yake cikin samfula ƙarami ne, guda bakwai kawai ya ajiye, waɗanda na zaɓa masa na ce sun fi fita fes. Ƙarar garma da nishin mutane muka share, muka ce datti ne. Sannan ya riƙa jera bugun nan a kan ƙyat-ƙyat, ni ina ba da umarni kamar sajan. Matso da shi gaba. Ya yi yawa. Koma kaɗan. Nan, kada ka ƙara taɓa shi. Bugu na ukun nan sai da na sa ya jawo shi har ya zauna daram. Kwana huɗu muka yi.

Ranar Asabar da rana abin ya kama. Kwana biyu babu wuta, sai ga ta. Akwatin ya ɗumama, muryarsa ta tsaya, ganga da kwaɗi suka hau juna ba ko ɗan gashi a tsakani. Wallahi da daɗi. Na tashi na taka rawa a bakin ƙofa, ɓawon gyaɗa na zuba daga zanina. Yaya ya ce, "Kaset! Maza kaset, kafin su ɗauke. In akwatin nan ya huce ba zan sake samun wannan muryar ba."

Na duba ɗakin, babu sabo. Akwai na waƙoƙin coci guda biyu, na maƙwabciyarmu ne, aro muka yi. Kafin a je kasuwa a dawo kuwa, wa ya san wuta. Sai idona ya faɗa kan na Manga, na ɗauko.

Yaya ya ce, "Wannan fa na gona ne."

Na ce, "Ai mun kwashe abin da ke ciki. Baba na nan, ganga na rataye, damina za ta dawo. Me kake tsoro?"

"Na karya kunnuwansa."

"Kawo nan."

Na yagi gefen kalanda, na tauna, na cusa a ramukan biyu, na danne da farce. Na miƙa masa. Ya dube ni, ya dubi fitilar ɗaki da ta fara lumshewa, ya sa kaset ya danna jan maɓalli. Da gefe ɗaya ya cika, don daɗin abin, ni na ce ya juya ɗaya gefen.

Washegari bayan an taso sujada muka fito da lasifika gindin mangwaro inda Baba yake hutawa. Na sa sabon zani, kai ka ce ni za a yaba. Yaya ya kunna. Baba ya saurara, ido rufe, yatsunsa na motsi a kan cinya. Motsin ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Ya ce, "Wanga kiɗa na wa ne?"

Yaya ya ce, "Naka ne, Baba."

"Fatar gangata na ji. Amma wa zai yi noma da wanga? Kafin rana ta kai tsaka an kwashe mutum uku a kwance."

Na ce, "Baba, gyara shi muka yi. Akwai inda yake makara, musamman bugu na uku."

Ya buɗe ido ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka uwata yake ce mini, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar ma bai ɗaga ba.

"Uwata, kin taɓa ɗaga garma?"

"A'a, Baba."

"To. Na ɗaya, garma ta sauka. Na biyu, an ja. Na uku, an juya ƙasa. Ƙasar damina nauyi gare ta, ba ta faɗuwa don an ce ta faɗi. Sai na ga ta bar garma kana in buga. In na riga ta, bayan mutum na buga."

Yaya ya ce, "To inda kiɗan ke ja baya gaba ɗaya fa?"

"Ƙarshen kunya ke nan. Samari sun kai, sun juya. Abokina mai ciwon ƙugu bai kai ba, da sauran taki huɗu. In ban jira shi ba, ya zama shi kaɗai ke huɗa babu kiɗa, yara na kallonsa. Shekara arba'in muna noma tare, ni zan yi mishi haka? Sai in ja, in yi kamar kirari nake nema, har ya kai. Kana in zabura mu kamo lokaci." Ya gyara zama. "Ku kuna tsammani makaɗi gaba yake. Baya yake, yana kallon ƙugun mutane."

Sannan ya ce, "Ba komi. Ku kashe wanga, ku sa mini na gonar in ji mutanena."

Babu wanda ya motsa. Kwaɗin na ta tafiya a lasifika, daidai, daidai. Yaya ya kashe, ya ce, "Baba, a kansa muka ɗauki wannan. Laifina ne, ni na yi gaggawa. Kuma ni na ga kamar yana makara."

Ni kuwa na sunkuyar da kai na bar shi ya ɗauka. Baba ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Soja ba shi da wanga kunne." Ya ɗauki sandarsa ya shiga ɗaki.

Mun ce ba komai, damina mai zuwa za a sake. Ba a sake ba. Da bazara, wata safiya yana shirin zuwa duba iri, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun gula ya zama kamar tsumma. Ko da lafiyarsa ma, a shekarar ba wanda ya kira gayya a Manga. Wasu sun koma garmar shanu da maganin feshi, samari sun tafi kabu-kabu ko sun shiga soja. Abokin nan nasa mai ciwon ƙugu bai ga girbi ba.

Ban haƙura ba. Na ce wa Yaya ai kunnena ne ya miƙe kiɗan, kunnena zai mayar. Muka koma ɗakin. Bugun nan bakwai suna nan a samfula. Na rufe ido ina neman abin da na ji sau uku ina tsintar shinkafa. Ja na uku baya. Ƙara. A nan sa shi ya jira. Yaya ya yi ta fama, don samfula ba ta san jira ba sai an ƙayyade mata, kuma in ka ƙayyade, haka za ta yi ta jira a wuri ɗaya, tsawo ɗaya, har abada. Baba kuwa bai taɓa yin jira biyu iri ɗaya ba, don ƙasa ba ta faɗuwa iri ɗaya sau biyu. Na san inda makarar take. Amma tsawonta nawa ne, wa ake jira, wannan ba ya cikin kaina, yana gonar da ban je ba.

Mun kai wa Baba abin da muka haɗa har bakin gadonsa. Bakinsa ya karkace, magana na fita da ƙyar. Ya saurara kaɗan ya ce, "Da kun miƙe shi. Yanzu kun gurgunta shi. Ku bar shi haka nan." Bai sake yarda an kunna masa ba har ya rasu.

Akwatin kwaɗi gara ta cinye katakonsa, Yaya ya kwashe ƙarafan ya zuba a buhu. Amma kaset ɗin Asabar ɗin nan ya yi tafiya. An kwafe shi, an sake kwafewa, yanzu har cikin wayoyin mutane yake. A wajen biki in aka sa shi fili ya cika. Mata su zo su dafa ni su ce, "Kai, tsohonku bai mutu ba, ji hannu kamar agogo!" In ce musu na gode. Me zan ce? Waɗanda za su iya musawa duk suna ƙarƙashin ƙasa, saura ni da Yaya, shi kuma ba ya zuwa biki.

Yanzu ɗiyata ta fari za ta yi aure. Tana ƙarama kakanta ya rasu, ba ta taɓa jin ya buga ganga ba. Jiya ta zauna a kan kujerar nan da kake kai, ta ce ba ta son kowane kiɗa ranar da za a fito da ita sai na kakanta, don mutanen mijin su san daga gidan da ta fito. Tana faɗa idonta na ƙyalli. Na ce mata bari in yi tunani, ta yi mamaki, ta ce tunanin me kuma, Mama?

To kai da ka zauna ka ji ni har ƙarshe, in kai ne ni, za ka bar ta ta taka da shi tana alfahari, ko za ka gaya mata cewa hannun uwarta ne take ji, ba na kakanta ba?